Ɗinkin da ake yi wa mutanen layin baya

A yammacin birnin St. Louis na jihar Mizuri a Amurka akwai wani makeken lambu da ake kira Forest Park, wanda ya fi shahararren lambun nan na tsakiyar Niyok girma. A cikinsa gidan namun daji yake, da gidan tarihi, da gidan zane-zane, kuma duk ba a biyan kuɗin shiga. A jikin wani tudu na lambun aka kafa gidan wasan da mutanen gari ke kira Muny, inda ake wasan kwaikwayo irin wanda ake haɗa magana da waƙa da rawa. Ba shi da rufi. Kujerunsa kusan 11,000 ne, an jera su daga gindin tudun har samansa, kuma tun 1919 ake wasa a wurin duk lokacin zafi, in ban da 2020 da annobar korona ta hana. A ɗakin ɗinkin wannan gida na yi aikin kakar wasa guda.

Ni tela ne. A Fagge na koyi sana'a, tun ina yaron shago mai sa maɓalli da guga har maigidana ya sallame ni da keke. Aikin jinya na maiɗakina ne ya kawo mu St. Louis, ni kuma na samu wuri a wani shagon wanki da guga ina gyaran kaya: rage ƙafar wando, canza zif, matse kwat ɗin da mai ita ya rame. Aiki ne na rufin asiri, amma ba ya ƙara wa tela komai a hannu. Wata mata ta kawo rigar biki a rage mata tsawo, da ta zo karɓa sai ta juya cikin rigar tana duba kalmasar da na yi da allurar hannu. Ashe ta taɓa aiki a ɓangaren tufafi na gidan wasa. Ita ta ce mini tun sanyi bai wuce ba ake fara neman ma'aikatan kaka a Muny, in leƙa shafinsu na intanet.

Na cike takarda, na haɗa da hotunan aikina. Na zaɓi waɗanda nake ji da su: babbar riga ta shadda mai aska takwas, kaftani mai surfani a wuya, da 'yan kwat-kwat da na gyara a nan. Ranar ganawa shugabar ɗakin ɗinki ta daɗe a kan hoton babbar rigar, tana buɗa shi da yatsu a fuskar waya, ta tambayi ko da hannu aka yi aikin da kuma tsawon lokacin da yake ci. Daga nan ta ajiye wayar ta nuna mini keke. Gwajin ba shi da wuya ga wanda ya ci abinci da allura: in sa zif a bayan siket, in kalmashe bakin wani yadi mai santsi da aka yanka a karkace, in ɗinka ƙugiya da maƙalinta da hannu yadda ko an fizga ba za su tsinke ba. Keken Juki ne na lantarki, irin wanda ya cika shagunan Kano yanzu, awo kuma da inci ake yi kamar yadda muka saba. Na lura abin da take dubawa shi ne sauri, da ko ina tambaya in ban gane umarni ba. Sauran duk takardu ne: I-9 mai tabbatar da cewa doka ta ba ka damar aiki, W-4 ta haraji, lambar Social Security da gwamnati ke ba ma'aikaci don shaida, da asusun bankin da albashi zai riƙa shiga.

Da na gaya wa yayana ta waya, abin da ya fara tambaya shi ne wane attajiri ne mai gidan. Na ce, "Yaya, ai ba shi da mai shi." Ya ce to na gwamnati ne ke nan. Na ce nan ma a'a. Filin dai na birni ne, amma gidan wasan ƙungiya ce mai zaman kanta da aka yi wa rajista a matsayin wadda ba ta neman riba, ƙarƙashin sashen dokar haraji da Amurkawa ke kira 501(c)(3). Ana sayar da tikiti, ana biyan albashi, amma babu masu hannun jari da za su zauna ƙarshen shekara a raba musu rara. In kuɗi ya yi saura, cikin gidan yake komawa. Akwai kwamitin amintattu na mutanen gari da ke sa ido, kuma bayanin kuɗin da ake miƙa wa hukumar haraji duk shekara kowa na iya nema ya karanta. Kuɗin tikiti kaɗai ba ya riƙe gida irin wannan, shi ya sa ake bin kamfanoni da masu hali, har da masu ƙaramin ƙarfi, su ba da gudummawa, wadda doka ta yarda a rage wa mutum haraji a kanta. Yaya ya yi shiru, sannan ya ce shi dai in tabbata suna biya a kan kari, kuma kada ya ji labarin na hau dandamali ina rawa.

Dogaro da mutanen gari ba yau gidan ya fara ba. Cikin kwana 49 aka gina dandamalin farko da wurin zama a 1917. Da aka buɗe kakar farko a 1919, ruwan sama da ƙarancin 'yan kallo suka kusa durƙusar da abin, har sai da magajin garin lokacin, Henry Kiel, ya riƙa bin 'yan kasuwa yana tallar tikiti da kansa. Da aka kai kaka ta 100 a 2018, gangamin tara dala miliyan 100 aka yi, aka rushe tsohon dandamali aka gina sabo. Sunayen masu bayarwa suna nan shafi-shafi a ɗan littafin da ake raba wa 'yan kallo.

Tsarin kakar shi ne ya fara ba ni tsoro. Wasa bakwai ake yi daga tsakiyar Yuni zuwa Agusta, kowanne ya yi kamar mako guda a dandamali ya sauka, wani ya hau. Kwana 11 ake ba kowane wasa na atisaye. Wato ana nuna wasa na biyu da daddare, da rana 'yan na uku suna can ƙarƙashin rumfa suna koyon rawa, kayan na huɗu kuwa suna kan teburin yanka. Duk telan da ya taɓa kwana a shago a goman ƙarshe na azumi ya san yanayin, sai dai nan Sallah bakwai ce a jere, kuma babu damar ce wa mai kaya ya dawo gobe da yamma. Ƙarfe takwas da kwata na daren buɗewa makaɗa za su fara, ko riga ta kammala ko ba ta kammala ba.

Aiki a ɗakin hannu-hannu yake bi. Mai tsara tufafi, wanda sau da yawa daga Niyok yake zuwa, shi ke kawo zanen kowane ɗan wasa, da ƙyallen yadin da yake so manne a gefen takarda. Mai yanka ta ɗauki zanen da takardar awo, ta fara fitar da rigar da akoko a jikin mutum-mutumi, tana kamawa da fil tana ja masa layi da alƙalami. Akokon ake fara gwada wa mai rigar, a gyara, sannan a taɓa yadi mai tsada. Mataimakiyarta ta yanka ta rarraba mana, mu masu keke mu haɗa. Awon mutum ɗaya ya cika shafi guda: ban da ƙirji da ƙugu da tsawo, akwai zagayen kai don hula da gashin aro, zagayen wuyan hannu, daga ƙeya zuwa ƙugu, da wani na masu rawa da ake zagayo da tef daga kafaɗa ta tsakanin ƙafafu a komo kafaɗa. Ni ba na cikin masu awo ko gwaji, wurina keke ne, kuma hakan ya raba ni da wani abu da ya riƙa damuna kafin in fara.

Ba duka kayan ake ɗinkawa sababbi ba, lokaci ba zai bari ba. Wasu daga ma'ajiyar gidan ake fito da su, wasu kuma haya ake ɗaukowa daga wasu gidajen wasa na ƙasar. Kwat ta farko da aka ba ni in buɗa ta haya ce, baƙa mai dogon baya. Da na ɗaga shafinta na ciki sai na ga 'yan ƙyallaye farare an ɗinka su ɗaya kan ɗaya a wuya, kowanne da sunan wanda ya sa ta da sunan wasan, tawadar na ƙasa har ta koɗe. A gefe da baya kuma an bar rarar yadi mai faɗi, inci biyu ko fiye, an kwantar da ita da guga. Duk wanda ya taɓa kwat ɗin kafin ni ya matse ko ya buɗa ne ba tare da ya rage ko zare ɗaya ba. Ƙa'idar ke nan: kayan haya ba a sa musu almakashi. In hannu ya yi tsawo a naɗe shi ciki, in ƙugu ya yi yawa a kama shi da ɗinki mai manyan tsalle wanda zai farku cikin sauƙi. Har sababbin da muke ɗinkawa haka ake barin musu rara, saboda wani mai jiki daban zai sa su nan da wasu shekaru, wataƙila a wani gari.

A makon farko ne shugabarmu ta kwashe mu sababbi da rana tsaka ta ce mu bi ta. Muka hau tudun nan ta tsakanin kujeru, matakala bayan matakala, rana na dukan ƙeya, har layin ƙarshe. Daga can dandamalin ya koma ɗan ƙarami, mutum a kansa bai fi yatsa ba. Ta yi waya, wata abokiyar aikinmu ta fito tsakiyar dandamali riƙe da riguna biyu na soja. Ɗaya na san ta, don na gan ta a ɗaki: an yi mata ado da siririn zare mai ruwan zinariya, aiki mai kyau ƙwarai. Daga inda muke tsaye babu abin da ake gani a jikinta sai shuɗi. Ɗayar kuwa, wadda a kusa na raina saboda faɗin igiyar adonta da manyan maɓallanta, ita ce ta fito sak rigar hafsan soja. Shugabar ta ce layuka tara na ƙarshen nan, kujeru kimanin 1,500, kyauta ne kowane dare tun kafuwar gidan, kuma wanda ya zauna a nan dole ya gane waye sarki waye bara ba tare da an gaya masa ba.

Wannan hawa tudu ya sauya mini yadda nake kallon duk abin da ya biyo ta kan kekena. Yadi mai ƙananan zane daga nesa toka-toka yake komawa, don haka ake zaɓen mai manyan fure ko faffaɗan ratsi. Daga can sama ba a ganin fuska, launi da siffa su ke magana. Shi ya sa sau da yawa jarumar wasa za ta canza kaya sau da dama amma ba za ta fita daga dangin launi ɗaya ba, sauran 'yan rawa kuma a kauce wa launin nata, domin ko ta shige cikin mutum hamsin ido ya tsinto ta. Kafaɗa a ƙara mata tsini, siket a ƙara masa buɗewa, hula a ƙara mata tsawo. Sai dai kuma ba a ce a yi aikin ganin dama ba, domin na layin gaba suna kusa har suna iya ganin zaren da ya zazzago. Riga ɗaya za ta gamsar da mai kallonta daga taku kaɗan, ta kuma yi bayani ga wanda ke saman tudu. A ganina nan wuyar sana'ar take, ba a sauri ba.

Akwai kuma batun haske, wanda gidan wasa mai rufi bai san da shi ba. A ƙarshen Yuni da farkon Yuli rana ba ta faɗuwa a St. Louis sai wajen takwas da rabi. Ke nan ana fara wasa da sauran hasken rana, a ci gaba cikin almuru, a ƙare ƙarƙashin fitilu zalla. Launin da ya yi kyau a fitila yana iya zama fayau a hasken yamma, fari tas kuma in fitila ta doke shi sai ya kashe ido ya haɗiye fuskar mai shi. Na ga an tsoma fararen riguna sababbi fil a ruwan rini mai ɗan duhu don a kashe musu kaifi, abin da da farko na ɗauka ɓarna ce.

Kayan masu rawa su suka fi cin lokacinmu. Mutumin da zai ɗaga mace sama da hannu biyu ba zai iya ba cikin kwat ɗin da aka ɗinka don zaman ofis, gaba ɗayanta za ta tattaro wuyansa. Sai a farke hammata a sa ƙarin ƙyalle mai kusurwa huɗu, haka ma hantsar wando, a kuma bi duk gaɓar da ke shan ja da ɗinki sau biyu. Rigar ciki a haɗa ta da roba ta ƙasa don kada ta fito daga wando. Sannan a yi aljihu na roba a ƙugu ko a baya inda na'urar makirufo za ta zauna, wayarta ta bi ta ƙeya ta shige gashi.

Abin da ya fi burge ni shi ne kayan canjin gaggawa. Wani ɗan wasa zai fita ta dama yana ma'aikacin jirgi, ya dawo ta hagu yana ango, tsakani bai kai minti ɗaya ba. Aka ba ni taguwa da falmaran da laktaye da kwat aka ce in mayar da su abu guda. Na yanke jikin taguwar na bar gaba da kwala da bakin hannu, na ɗinke su a jikin falmaran, na kafe laktayen a ɗaure, na haɗa duka da kwat, sannan aka tsaga bayan daga wuya zuwa ƙasa aka sa babban zif mai kauri. Maɓallan gaba duk na ado ne, ba abin da suke riƙewa. Igiyar takalmi ma an musanya ta da roba. A bayan dandamali akwai masu sa wa 'yan wasa kaya, su ma'aikata ne daban da mu, suna tsaye cikin duhu da 'yar tocila a baki don hannuwansu biyu su samu aiki. Ɗan wasan ya shigo a guje ya miƙa hannuwa gaba, ɗaya ta zuge tsohon, ɗaya ta zura sabon, ta uku tana durƙushe da takalmi. Har kurɓar ruwa ya samu ya yi. A zafin Yulin St. Louis, mai ɗumi da danshin da gumi ba ya bushewa, wasu ma da kaya biyu suke rawa, na gaba a ƙarƙashin na yanzu.

Manyan jarumai galibi daga Niyok ake ɗauko su, 'yan ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa, masu ƙa'idojin hutu da lokacin aiki da ba a tsallakewa. Amma makaɗa da kafintoci da masu fenti da masu nuna wa mutane kujera da masu sayar da ruwan sanyi, mafi yawansu 'yan gari ne, wasu iyayensu ma a nan suka yi aiki. Shugaban gidan na yanzu, Kwofe Coleman, yana ɗan shekara 16 ya fara a 1998 a matsayin mai nuna kujera, ya hau shugabanci a 2022. Sai kuma yara. Wasan da ke buƙatar taron yara, daga makarantun St. Louis da kewaye ake tace su ta hanyar gwaji tun lokacin sanyi, kuma gidan yana da rukunin yara da na matasa, Muny Kids da Muny Teens, da ke zagaya gari suna waƙa a tarurruka. Mu a ɗakin ɗinki matsalarmu da yara ɗaya ce: ana auna su da wuri, kafin wasansu ya zo sun ƙara tsawo. Ranar gwajin kayansu kalmasa kawai muke saki, wando bayan wando, iyaye mata na zaune a waje da robobin ruwa da man kare rana suna jira.

Tunda babu rufi, ba a iya gwada fitilu sai duhu ya yi, don haka babban atisaye da cikakkun kaya aikin dare ne. Aka zaɓi kaɗan daga cikinmu mu zauna kusa da allura da zare da fil. Wurin da ya saba ɗaukar dubban mutane ya zama wayam, sai darakta da mai tsara rawa da mai tsara tufafi a teburin tsakiya, suna tsayar da wasa suna maimaitawa. Mai tsara tufafin ba ya zama wuri ɗaya. Ya duba daga gaba, ya hau tsakiya, ya hau can sama, yana faɗa mataimakinsa na rubutawa. Da safe muka tarar da jerin gyara ya cika allo: wannan siket yana kama diddigen takalmi, a ɗage shi inci ɗaya, hular wancan tana rufe masa fuska daga sama, a karya bakinta, rigunan 'yan rawa shida sun saje da bangon da aka zana, a ƙara musu jan baki mai faɗi. Wannan jan bakin ni aka ba, kuma da yammar ranar za a buɗe.

Bayan an buɗe na ce wa maiɗakina mu je mu gani daga kujerun kyauta. Babu tikiti, babu rubuta suna, ba a tambayar kowa shaidar talauci. Layi kawai ake bi a ƙofar da ke saman tudun, a buɗe ƙarfe bakwai, wanda ya riga zuwa shi ke zaɓen wuri. In wasan mai farin jini ne tun da sauran rana mutane ke zuwa da kujerun naɗi da kulolin abinci su zauna a ciyawa. Mu ma da dafa-dukarmu muka je. A layin na ga tsofaffi riƙe da matashin zama da mafici, da ma'aikatan asibiti da ba su ko cire kayan aiki ba, da ɗalibai, da wani iyali da ke magana da harshen Bosniya, waɗanda suke da yawa a garin tun yaƙin ƙasarsu na shekarun 1990. Waɗanda suka saba duk da tabaran hangen nesa suke zuwa. Wata dattijuwa da ke gefenmu ta ara wa 'yata nata, ta ce tun tana yarinya kakarta ke kawo ta wannan layi. Kafin a fara kowa ya miƙe aka rera taken ƙasa, manyan fankoki na juyawa a kan dogayen turaku. Magariba ta faɗo ana cikin kashi na farko na wasan, na zame na samu gefen ciyawa na yi salla na dawo.

Ba zan ce kujerun kyauta sun daidaita garin ba. St. Louis gari ne da titi ɗaya, Delmar, wanda ke ɗan arewa da lambun, ya shahara da raba shi biyu: kudu da shi unguwannin masu hali da galibinsu farare ne, arewa kuma unguwannin baƙaƙe da aka daɗe ana bari a baya. A cikin gidan wasan ma tazarar tana nan a fili, don kujerun gaba akwai iyalan da suke riƙe da su kaka bayan kaka, na kyauta kuwa su suka fi nisa. Amma wasa ɗaya ne, dare ɗaya, makaɗa ɗaya, ba a ware wa marasa kuɗi wata rana ta daban da ragowar 'yan wasa ba. Kuma ni shaida ne cewa a ɗakin da ake yanka da ɗinki ana lissafi da su. Da 'yan rawan nan shida suka fito, 'yata ta sauke tabaran ta ce, "Abba, ga jan da ka ce ka sa!" Ba ta buƙaci tabarau kafin ta gan shi ba.

Sauran makon gyara ne. Kowace safiya kayan da suka yage ko suka tsinke suna jiranmu a rataye da 'yar takarda maƙale. Abin da ya taɓa fata ana wanke shi kullum, amma manyan kwat da rigunan ado ba sa jure wanki, sai a fesa musu giyar vodka da aka sirka da ruwa don ta kashe warin gumi, dabarar da gidajen wasa suka daɗe suna yi. Na ce musu wannan fanni su riƙe abinsu, ni a bar ni da dutsen guga, suka yi dariya suka bar ni. Daren da aka yi ruwa kuwa an dakata ne ana jira, 'yan kallo suka fake wasu suka buɗe lema, da ya tsagaita ma'aikata suka fito suka share ruwan dandamali suka tsane shi sosai saboda santsi, aka ci gaba. Washegari muka tarar da siket-siket jere gaban fanka, bakinsu ya sha ruwa ya yi nauyi, wasu sai da aka sake daidaita musu kalmasa.

Daren rufewa, kafin 'yan kallo su gama fita daga lambun kafintoci sun fara kwance bango. Mu namu ya zo da safe. Kayan gida aka ware na wanki aka kai, sauran aka rubuta musu lamba aka mayar ma'ajiya. Kayan haya kuma dole su koma yadda suka zo, don haka aka miƙo mini baƙar kwat ɗin nan da 'yan'uwanta da ƙaramar wuƙar farke ɗinki. Na saki hannun da na naɗe, na mayar da ƙugu awonsa na asali, na cire ƙyallen hammata na rufe wurin, na goge layin da allura ta bari. Ƙyallen sunan ɗan wasanmu kaɗai aka ce in bari a wuya. Muka duba kowace riga da takardar da ta zo da ita, muka ƙirga maɓalli, muka rufe akwatuna aka kai mota. Kafin azahar mai yanka ta turo mini ɗaurin wanduna goma sha biyu na wasa na gaba, da alli a jikin kowanne inda za a sa ƙarin hantsa.